Na zuba H-alfa a hoton Kan Doki, launuka sun gudu: ina gyaran yake?

Ɗan Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Ina aiki ne a kan yankin Kan Doki, wato gajimaren ƙura mai siffar kan doki da ke cikin taurarin Oriyon, da kyamarar baƙi-da-fari. Na ɗauki ja, kore da shuɗi, kowane hoto daƙiƙa 60, sannan na ɗauki H-alfa, wato jan hasken haidirojin, da mataci (gilashin tace haske) mai faɗin nanomita 7, kowane hoto daƙiƙa 300. Hoton kala shi kaɗai launinsa ya yi kyau, shuɗin gajimaren NGC 2023 da ke kusa da dokin ya fito, gajimaren Harshen Wuta ma ya fito da ruwan goronsa, sai dai jan labulen da ke bayan dokin ya yi rauni, kuma ya cika da yashi-yashi, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata tsabtar hoto. H-alfa shi kaɗai kuwa abin sha'awa ne, har zare-zaren iskar da ke tashi a bayan dokin ana iya bin su da ido. Da na haɗa su, na ɗora H-alfa a matsayin hasken hoton gaba ɗaya, sai jan ya koma ruwan hoda fatsi-fatsi, shuɗin ya dushe, taurari kuma kowanne ya yi wani zobe mai duhu. Don Allah ina gyaran yake?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka gani shi ne abin da lissafi ya ce za a gani. Matacin H-alfa ba ya barin komai ya wuce sai hasken da ke kusa da nanomita 656.3, wato jan hasken da haidirojin ke fitarwa. NGC 2023 kuwa yawancin haskenta ba nata ba ne, ƙura ce take mayar da hasken tauraron da ke cikinta, kuma shuɗi ya fi yawa a ciki. To a idon matacin H-alfa wurin nan kusan duhu ne. Da ka ce wa manhaja ta ɗauki H-alfa a matsayin haske, ka ba ta umarni ne ta rage hasken duk abin da ba haidirojin ba. Taurari ma haka: a H-alfa ƙanana ne, a hoton kala manya ne, bambancin girman nan shi ne zoben da kake gani.

Ruwan hodar kuma daga ƙarin haske ne ba tare da ƙarin launi ba. Ka ɗaga hasken wurin, amma tazarar da ke tsakanin sashen ja da sauran sassa biyun, kore da shuɗi, ba ta ƙaru ba, dole jan ya wanke.

Ɗan Dare:
Na gode Injiniya. Ke nan in zuba shi a sashen ja kawai?

Injiniya:
A sashen ja, amma ba kai tsaye ba. Akwai aiki ɗaya kafin nan, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Hoton H-alfa ɗinka ba haidirojin ne zalla ba. Taurari suna fitar da haske a kowane zango, har da ɗan yankin nan na nanomita 7, ƙura mai mayar da haske ma haka. Idan ka zuba shi yadda yake a sashen ja, ka ƙara wa kowane tauraro ja, ka ƙara wa bangon sama ja. Sai a fara cire wannan gama-garin hasken tukuna, kuma hotonka na ja shi ne ma'auninsa.

A PixelMath, wato kayan lissafin hoto da ke cikin manhajar PixInsight ko ta Siril, tsarin kamar haka yake:

Ha − k × (R − med(R))

Ha shi ne hoton H-alfa, R hoton ja, med(R) kuma matsakaicin haskensa. Wannan k ɗin, wato kason da za a rage, za ka fara ƙiyasta shi daga faɗin matatan. Matacin ja yakan kai kusan nanomita 100, naka na H-alfa 7 ne, ka ga 0.07 ke nan idan tsawon ɗauka ɗaya ne. Amma kai ka ɗauki H-alfa ninki biyar na ja, saboda haka ka fara daga wajen 0.35. Daga nan ido ne zai yi hukunci: ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har matsakaitan taurari su ɓace. Idan suka fara barin baƙaƙen ramuka, ka wuce gona da iri, ka dawo baya. Abin da ya rage shi ne haidirojin na gaskiya, shi za ka rage wa yashi, sannan ka ƙara a kan R.

Duk wannan kafin a miƙa hoton ake yi, wato kafin a ɗaga haskensa don abubuwa masu rauni su fito. Da zarar ka miƙa shi, dangantakar lambobi da yawan haske ta lalace, ragi ba zai ƙara ba da ma'ana ba.

Malama Zara:
Ina goyon bayan Injiniya, sai dai zan ƙara abu biyu. Na farko, Malam Ɗan Dare, ka daidaita launin hoton kala tun kafin H-alfa ya kusance shi. SPCC, kayan daidaita launi na manhajar, yana auna taurarin hotonka ne da bayanan da tauraron ɗan Adam na Gaia ya tattara, waɗanda aka fitar a 2022. Idan ka riga ka cusa H-alfa a sashen ja, ka ba shi taurarin da aka sauya wa launi, shi kuma zai gyara abin da bai lalace ba.

Na biyu, kar ka hana shuɗi rabonsa. Haidirojin ba ja kawai yake fitarwa ba, akwai H-beta a nanomita 486, mai shuɗi-shuɗi, kuma a asali ƙarfinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na H-alfa, kodayake ƙurar da ke kan hanya tana cinye shi fiye da yadda take cin ja. Shi ya sa nebula (gajimaren iska da ƙura na samaniya) irin wannan a hoton kala na gaskiya ba ta yin ja wur, takan ɗan karkata zuwa shunayya. Ni nakan ba sashen shuɗi kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari na abin da na ba ja. Idan ba ka yi haka ba za ka samu jan da ya yi nauyi, ba shi da rai.

Na-Wata:
Ku gafarce ni, amma ni dai duk wannan hanya ba ta kwanta mini ba. Mutum ya ɗauki hoto, ya cire wannan, ya ninka wancan, ya ɗebi ja ya zuba a shuɗi da hannunsa, sannan ya ce ga hoton samaniya. Wannan ai zane ne. Idan jan ya yi rauni, a ƙara awanni a kan ja, kore da shuɗi, a samu abin da ke can da gaske. Na fi girmama hoto mai yashi wanda ba a taɓa ba, a kan mai santsi wanda aka ƙera.

Malama Zara:
Malam Na-Wata, hoton da ba a taɓa ba ai baƙi ne ƙirin, da ɗigon taurari kaɗan. Kai ma kana miƙa naka. Kana cire zafin sensa da hotunan duhu, kana gyara inuwar ƙura da hotunan fili, kana share hasken gari daga bango. Wanne ne a ciki ba taɓawa ba?

Na-Wata:
Waɗannan cire datti ne, Malama, ba ƙari ba ne. Akwai bambanci tsakanin share gilashi da shafa masa fenti.

Injiniya:
Maganarka tana da ƙarfi a kan shuɗin, domin H-beta ɗin ƙiyasi ne ba aunawa ba, wannan na yarda. Amma a kan ja ban yarda ba. Hasken H-alfa yana cikin hoton ja tun farko, matacin ja ya bar shi ya wuce. Abin da siririn mataci ya yi shi ne ya kawo wannan hasken ba tare da hasken gari da na wata sun biyo shi ba. Kuma batun ƙara awanni, ka tuna tsabtar hoto ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci. Idan kana son ta ninka biyu, sai ka ninka lokaci huɗu. Wanda ke ƙarƙashin sama mai hasken fitilu zai iya ƙarar da shekararsa a kan ja bai kai inda H-alfa zai kai shi a dare kaɗan ba. A da, fitilun titi na sodiyam suna da zangonsu a wajen nanomita 589, ana iya tace su. Fitilun LED na yanzu sun bazu ko'ina a bakan haske, babu matacin da zai raba su da hasken taurari. Siririn mataci ne kaɗai ƙofar da ta rage wa mutane da yawa.

Baba Gamzaki:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma ina so in ɗan ja ku baya, domin gardamar launi na gaskiya ta girmi dukkanmu.

Na-Wata, ɗana, ka ce a nuna abin da ke can da gaske. To in tambaye ka, da idon wa? Duk wanda ya taɓa sa ido a madubin hangen nesa ya kalli babbar nebular Oriyon ya san toka-toka ce, wani lokaci da ɗan kore-kore. Ja ba ya ganuwa. Dalili shi ne da dare ido yana aiki da ƙwayoyin da suka fi jin haske a wajen nanomita 500, jan da ke 656 kuwa kusan ba su san da shi ba. Kan Doki ma da ake magana a kai, ba da ido aka fara gano shi ba. Williamina Fleming ce ta lura da shi a 1888 a jikin farantin hoto a Harvard. Tun ranar farko wannan abu na kyamara ne.

Wannan koren da ido ke gani kuwa yana da tarihi mai daɗi. A 1864 William Huggins ya duba nebular Idon Kyanwa da na'urar raba haske, ya ga layuka masu haske maimakon bakan da ake gani a taurari. Daga nan aka tabbatar wasu nebuloli iska ce mai ƙyalli. Koren layin da ya fi ƙarfi bai dace da wani sinadari da aka sani ba, har aka yi zaton sabon sinadari ne. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne wanda ya rasa lantarki biyu, yana fitar da wannan haske ne kawai a inda iska ta yi siranta ƙwarai, irin sirantar da ba a samu a ɗakin gwaji na wancan zamani ba. Shi ne OIII ɗin da kuke saya wa mataci a yau, nanomita 500.7. Duk lokacin da na ga wannan haske a allon kwamfutata nakan tuna shekara sittin da uku da masana suka yi suna neman sunansa.

Saboda haka ni ba na ganin siririn mataci a matsayin kwalliya. Awo ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya yi awo sannan ya ɓoye wa mai kallo abin da ya auna.

Na-Wata:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji wannan. Amma me za ka ce game da launukan hotunan madubin hangen nesa na Hubble? Nebula ja ce, a mayar da ita ruwan zinare da shuɗi. Mutanen da ba su san harkar ba suna ganin hoton su ɗauka haka sama take.

Baba Gamzaki:
Amin ɗana. Wannan tsari ya shahara ne daga hoton ginshiƙan nebular Mikiya, M16, wanda Jeff Hester da Paul Scowen suka yi da Hubble a 1995. Sun ba farar wuta ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, bisa jerin tsawon zangonsu. Ba don ado suka yi ba. SII, wato hasken farar wuta, yana wajen nanomita 672, H-alfa yana 656, dukansu ja ne, ido ba zai raba su ba. Idan ka bar su a launinsu na asali ka haɗiye bayani guda. Kuma bayanin mai muhimmanci ne: kafin oksijin ya rasa lantarki na biyu sai haske mai tsananin ƙarfi, kusan 35 a ma'aunin ƙarfi na eV, shi ya sa ake samunsa kusa da taurari masu zafi. Haidirojin 13.6 ya ishe shi. Farar wuta ba ta ma buƙatar kai haka, sai ka gan ta a gefe-gefe, a bakin gajimaren ƙura inda hasken ya fara gajiya. Dubi nebular Rosette a wannan tsari: shuɗi a tsakiya kewaye da tarin taurarin, zinare a baki. Taswira ce ta yadda taurari ke cin gajimaren da ya haife su.

Damuwarka game da mai kallo kuwa gaskiya ce, kuma maganinta layi ɗaya ne a ƙarƙashin hoto: wane mataci aka ba wane launi. Wanda ya ƙi rubuta wannan layin, ina tare da kai a kansa.

Malama Zara:
Baba ya gama magana a nan. Sai dai ina so kar Malam Ɗan Dare ya karanta wannan ya ruga ya sayi OIII da SII saboda Kan Doki. Wurin nan oksijin ɗinsa kaɗan ne, za ka ɓata darare ka samu hoto kusan babu komai sai zoben Alnitak, tauraron nan mai tsananin haske da ke kusa. Kowace nebula da abin da take so. Veil, ragowar tauraron da ya fashe, H-alfa da OIII kawai sun ishe ta, ka ba ja haidirojin, ka ba kore da shuɗi oksijin, kuma launin da zai fito bai yi nisa da na asali ba. Kaza da 'ya'yanta, ko M78, ko Iris, siririn mataci ba shi da aikin yi a wurinsu ko kaɗan, ƙura ce mai mayar da haske, sai faffaɗan mataci da sama mai duhu. Kan Doki da Trifid su ne masu wahala, domin sun haɗa iri biyun a fili ɗaya. Shi ya sa nake ganin hoton kala ne ya kamata ya riƙe ragama a nan, H-alfa ya zo a matsayin mai taimako.

Sabon Hannu:
Salam manyanmu. Ni ban daɗe da farawa ba, kuma kyamarata ta kala ce, ina amfani da matacin L-eXtreme. Duk wannan bayani ya shafe ni kuwa? Na ga wasu suna fitar da launukan Hubble daga irin kayana.

Injiniya:
Ya shafe ka ƙanena, amma da sharaɗi. Sensarka tana da tsarin Bayer: a kowane fiksel (ɗigon da ke karɓar haske) huɗu, ɗaya ja, biyu kore, ɗaya shuɗi. Matacinka yana buɗe taga biyu, H-alfa da OIII, kowacce nanomita 7. H-alfa zai sauka a jajayen fiksel, wato rubu'in sensa kawai, OIII kuma da yake yana kan iyakar kore da shuɗi zai sauka a sauran. Ka raba sassan uku, ka ɗauki ja a matsayin haidirojin, ka haɗa kore da shuɗi a matsayin oksijin, kore ya fi yawa domin ya fi tsabta. Siril yana da umarnin da ke yin wannan rabon tun daga hotuna ɗaiɗai.

Abu ɗaya ka kula da shi: ƙananan matatan da ke kan fiksel ba su da tsauri, H-alfa yana ɗan yoyo zuwa kore da shuɗi. A nebular da haidirojin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, abin da za ka ɗauka oksijin ne zai iya zama inuwar haidirojin kawai. Idan hoton oksijin ɗinka ya yi kama da na haidirojin sak, sai dai ya fi duhu, ka yi shakka. Ka rage ɗan kaso na ja daga ciki ka ga abin da zai rage.

Kuma tun da ka rasa fiksel uku cikin huɗu a ja, ka riƙa ɗan gusar da madubin tsakanin hoto da hoto, sannan ka haɗa hotunan da dirizil, dabarar da ke cin moriyar wannan gusawar. Yana dawo da wani abu daga ƙananan siffofin.

Sabon Hannu:
To farar wutar fa, Yaya? Daga ina suke samo ta?

Malama Zara:
Ba sa samo ta, ƙanena. Matacinka bai bar ta ta shigo ba. Abin da suke yi shi ne su gauraya haidirojin da oksijin su ƙirƙiro sashe na uku, launin ya yi kama da na Hubble. Ba laifi ba ne idan ka so kamannin, amma kar ka rubuta SHO, wato farar wuta da haidirojin da oksijin, a ƙarƙashinsa. Ka rubuta abin da ka ɗauka. Idan kana son ta da gaske, akwai matata masu taga biyu da ke buɗe SII da OIII, ka ɗauka da shi a wasu dararen. Ka shirya haƙuri, domin a yawancin nebuloli SII ya fi H-alfa rauni sosai.

Na-Wata:
A nan kam ni da Malama bakinmu ɗaya.

Ɗan Dare:
Ina biye da ku. Tambaya game da taurari: in bar su a ciki lokacin da nake ƙara H-alfa, ko in cire su?

Injiniya:
Lokacin neman k ka bar su, su ne ma'auninka. Bayan ka samu, ka cire taurari daga hoton kala da manhajar StarNet ko StarXTerminator, ka ajiye su gefe, ka yi aikinka a kan nebula ita kaɗai, ka miƙa kowanne daban, sannan ka mayar da su da wannan:

~(~nebula × ~taurari)

Alamar ~ na nufin juya hoto, fari ya koma baƙi. Wannan ya fi tarawa kai tsaye, domin ba ya ƙona wuraren da suka riga suka yi haske. Ta haka taurarinka za su riƙe launin da SPCC ya ba su, H-alfa bai taɓa su ba. Masu yin SHO ma hanyar ke nan. Taurarinsu suna yin shunayya ne saboda sai an miƙa SII da OIII da ƙarfi kafin su kamo H-alfa, sai taurarin ja da shuɗi su kumbura su fi na kore. Ana iya juya hoton a cire kore da SCNR, kayan cire launi, a sake juyawa, amma hakan farare kawai yake mayar da su. Gajerun hotunan kala na daƙiƙa 30 sun fi, ka samu tauraro mai zafi da shuɗinsa, mai sanyi da ruwan goronsa.

Na-Wata:
Ga inda hankalina bai kwanta ba har yanzu. Waɗannan manhajoji an horar da su ne da dubban hotuna. Idan ta cire tauraro, me take sawa a gurbinsa? Ƙiyasi. Idan ta kaifafa hoto, wa ya tabbatar zaren da ta fito da shi yana can? Na ga hotunan da aka matsa wa BlurXTerminator, manhajar kaifafa hoto, har ƙura ta koma kamar igiyoyi, siffa iri ɗaya a kowace nebula.

Malama Zara:
Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Gurbin tauraro kam ƙiyasi ne, amma tauraron zai dawo ya zauna a kansa, don haka bai dame ni ba sai ga masu wallafa hoto babu taurari sam. Kaifafawa ce ke buƙatar tsoron Allah. Abin da nake yi shi ne in raba hotunana gida biyu, in haɗa kowane rabi daban, in bi da su hanya ɗaya. Siffar da ta fito a duka biyun tana can. Wadda ta fito a ɗaya kawai, yashi ne manhaja ta yi wa ado. Kuma ga wuri kamar Kan Doki akwai hotunan manyan madubai a fili, mutum ya kwatanta.

Baba Gamzaki:
Wannan gwaji na 'yata shi ne daidai, kuma ku riƙe shi da muhimmanci, domin aikinku ya wuce ado. A 2011 Nicolas Outters, mai sha'awa ne kamar ku a Faransa, ya gano Ou4 da matacin OIII, babbar nebula a cikin Sh2-129 da manyan cibiyoyi ba su lura da ita ba. Kafin shi Dave Jurasevich ya gano Kumfar Sabulu kusa da nebular Jinjirin Wata. A 2022 kuma Marcel Drechsler, Xavier Strottner da Yann Sainty suka ga wani bakan oksijin a gefen Andromeda, wurin da aka ɗauka hoto ba adadi. Duk waɗannan abubuwa ne masu rauni ƙwarai, a bakin iyakar yashi. Wanda ya saba share bango har ya yi sumul, ko ya saba barin manhaja ta ƙirƙiro masa siffa, da wuya ya gane irin wannan idan ya zo masa, kuma ko ya gane ba wanda zai yarda da shi.

Sabon Hannu:
Baba, wani ya ce mini in sayi mataci mai nanomita 3, wai ya fi komai. Haka ne?

Baba Gamzaki:
Ya fi a wasu wurare, ɗana. Yana rage hasken bango, yana ƙanƙanta taurari, ga OIII kuma yana taimakawa sosai idan akwai wata, domin farin wata ya fi cutar da oksijin a kan haidirojin. Amma ka san naitirojin yana da layi a nanomita 658.4, dab da H-alfa. Mataci mai 7 ko 5 yana kwaso su tare, mai 3 yana zubar da mafi yawan naitirojin. A nebuloli irin M27 da Helix wannan layin yana da ƙarfi, sai ka ga siririn ya rage maka haske. Sannan idan madubinka mai saurin tara haske ne, kamar f/2, hasken yana shiga mataci a karkace, tagar ta gusa, layin da kake nema ya faɗa waje. Sai ka nemi wanda aka yi musamman don irin wannan madubi. Ka fara ƙure wanda ke hannunka tukuna.

Ɗan Dare:
Alhamdu lillahi, na gwada. Na share bango da manhajar GraXpert, na yi SPCC a kan hoton kala, k ya tsaya mini a wajen 0.3. Jan ya dawo da nauyinsa, zare-zaren bayan dokin sun fito, shuɗin NGC 2023 yana nan daram. Na ba shuɗi kashi goma kawai, kuma zan rubuta hakan a ƙarƙashin hoton kamar yadda Baba ya ce. Abu biyu suka rage. Harshen Wuta ya ɗan yi ja fiye da yadda yake a hoton kala, kuma wajen Alnitak ragin ya bar wani baƙin zobe babba.

Injiniya:
Madalla. Zoben nan daga hoton ja yake: Alnitak ya yi haske har ya cika fiksel, kuma ya yi da'irar haske a faffaɗan mataci wadda babu irinta a H-alfa, sai ragin ya haƙa rami. Kar ka rage k saboda tauraro ɗaya, za ka ɓata sauran filin. Ka yi marufi, wato kariyar da ke hana gyara taɓa wuri, mai laushin baki a kan Alnitak, ƙarin H-alfa ya tsallake wurin. Kuma ka sa ƙarin ya zama na ɗagawa kawai, wato duk inda sakamakon ragin ya faɗi ƙasa da matsakaicin bango, a bar R yadda yake.

Malama Zara:
Harshen Wuta kuwa, haidirojin ɗin da ke cikinsa na gaske ne, don haka ɗan jan ba ƙarya ba ne. Amma ruwan goron da ka gani a hoton kala shi ne jimillar duk hasken wurin bayan ya ratsa ƙura mai kauri, kuma wurin yana da haske isasshe, ba ya buƙatar taimako. Ka faɗaɗa marufin ya rufe shi rabi, ka bar cikakken ƙarin ga IC 434, jan labulen da ke bayan dokin, inda raunin yake. Ka ajiye hoton kalar a gefe ɗaya na allo kana kwatantawa.

Na-Wata:
Malam Ɗan Dare, idan ka gama ka ɗora mana guda biyun tare, na kala zalla da wanda aka ƙara wa H-alfa, a miƙe su daidai wa daida. Ina so in duba gefen dokin da kaina, in ga ko akwai abin da ya fito a na biyun wanda babu alamarsa a na farko.

Ɗan Dare:
In sha Allahu zan ɗora su, har da hoton H-alfa bayan ragi. Malama, rabon hotuna gida biyun da kika ce, bi da bi ake ɗiba ko na farkon dare daban na ƙarshe daban?

Malama Zara:
Bi da bi, ɗaya nan ɗaya can. Idan ka raba ta farkon dare da ƙarshensa, rabi zai samu Oriyon yana sama sosai, rabi yana ƙasa cikin hazo, kaifinsu ba zai zo ɗaya ba, sai ka kasa gane ko bambancin daga iska ne ko daga manhaja.